Neman Makullin Tsohuwar Mota A Makka: Darasin Da Jims Ɗin Kawu Ta Koya Mana

Duk wanda ya saba zagayawa cikin unguwannin Makka da ke nesa da Harami, irin su Ka'akiyya da Shara'i da Waliyul Ahdi, ba zai rasa cin karo da tsohuwar mota a ƙofar wani gida ba, ƙura ta lulluɓe ta, tayoyi sun sace, kyanwoyi sun mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Mai wucewa zai ɗauka ko inji ne ya buga, ko kuma giya ce ta watse. Amma wani lokaci idan ka tsaya ka tambayi mutanen gidan, amsar da za su ba ka gajeriya ce: makulli ne ya ɓata. Ƙarfen da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, shi ne ya durƙusar da motar da ta yi shekara talatin ko arba'in tana hawa da gangara a duwatsun garin nan.

Mu ma abin ya faɗa a kanmu, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu yadda ta kaya. Kawunmu, Allah Ya jiƙansa, ya rasu ya bar GMC Suburban ƙirar 1982, irin wadda mutanen ƙasar nan ke kira Jims. Bayan an share makoki, mata suka tattara tufafinsa aka rabar sadaka kamar yadda aka saba, ba wanda ya tuna ya laluba aljihu. Sai da aka yi wata biyu, ranar da ma'aikatan baladiyya suka manna takardar gargaɗi a gilashin motar cewa a kawar da ita daga bakin titi ko su ɗauke ta, sannan aka shiga cigiyar makulli. An birkice akwatuna, an zazzage jakunkuna, an ɗaga katifu, amma ko sama ko ƙasa.

Turawa ma ba ta turuwa, domin sitiyari a kulle yake, giya kuma ta maƙale a wurin tsayawa, ba ta fita sai an murɗa makulli. Idan kuwa aka ɗauke ta zuwa ma'ajiyar hukuma, to an shiga maganar tara, kuma motar da masu ita suka yi sakaci da ita a can, ƙarshenta hannun 'yan gwangwan. Hajiya, matar marigayin, ta tara mu ta ce, “'Ya'yan nan, ku yi yadda za ku yi. Ina raye ba za a kai motar nan tashlih ba.” Tashlih shi ne inda ake farke matattun motoci a sayar da kayansu ɗaya bayan ɗaya.

Motar da ta ciyar da gida

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne na ɗaga hankali a kan motar da ta haura shekara 40? Amsar tana cikin tarihin zamanmu a garin nan. Iyaye da kakannin da yawa daga cikinmu a ƙasa suka zo, ta Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, da Abeshe da Junaina da Ubayyid, har zuwa Sawakin a gaɓar Bahar Maliya, sannan su ƙetaro Jidda. Wasu sun baro gida ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, jama'arsa suka ci gaba da tafiya gabas, wasu suka yada zango a Mai Wurno ta Sudan, wasu suka ƙaraso. Su ne suka cika Misfala da Jarwal da Hindawiyya da Shara Mansur, kuma jikokinsu ne ake gani yau da laƙabin Hausawi da Fallata da Barnawi, har a fagen ƙwallo, inda Usama Hausawi, haifaffen Makka, ya riƙe kyaftin ɗin ƙungiyar Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018.

Mutanen da suka zo da ƙafa, ranar da ɗayansu ya mallaki mota ba ƙaramar rana ba ce. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da kuɗin mai ya buɗa, Jims ita ce jakar alhazai. Tana kwasar mutane da kayansu tsakanin Makka da Jidda da Madina, lokacin aikin Hajji kuma har a kan rufinta ake zama a hanyar Mina da Arfa. Da abin da ta samo aka yi aure, aka biya haya, aka aika wa dangi a Kano da Damagaram. Daga baya zamani ya sauya: hukuma ta hana ƙananan motoci shiga wuraren ibada lokacin Hajji, jirgin ƙasan Masha'ir ya fara aiki a 2010, na Haramaini da ya haɗa Makka da Madina ya biyo baya a 2018. Sana'ar ta ja baya, amma motocin suna nan a ƙofar gidaje.

Ba Jims kaɗai ba. Akwai Toyota Cressida, wadda kamfanin Abdul Latif Jameel, wakilin Toyota a ƙasar nan tun 1955, ya cika tituna da ita. Akwai Chevrolet Caprice, musamman ƙirar 1991 zuwa 1996 da ake wa laƙabi da Sabuna saboda zubinta kamar sabulu. Akwai Marsandi ƙirar W123 da aka ƙera tsakanin 1976 da 1986. Yanzu samari 'yan ƙasa na farautar irin waɗannan motoci suna gyarawa, abin da jiya ake gani tarkace ya zama abin tinƙaho. Bugu da ƙari, dokar kwastan ta hana shigo da ƙananan motoci na hannu da suka wuce shekara 5, sai dai na tarihi da suka haura shekara 30, su ma da sharaɗin ba za su hau titi ba. Ke nan tsohuwar motar da take cikin ƙasa da takardunta, ba abin yarwa ba ce.

Shagon kwamfuta

Wurin da muka fara dosa shi ne wani shagon yankan makulli na zamani, mai fitilu da na'urori, an jera rimot kala-kala a cikin gilashi. Matashin da ke ciki ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ɗauko na'urarsa ya tambaye mu shekarar motar. Da ya ji 1982 sai ya mayar da ita aljihun tebur, ya ce wannan ba ta da inda zai soka waya, shi kuma aikinsa da kwamfuta ne. Idan muna da makulli ɗaya zai yi mana kwafi, idan babu, sai dai mu yi haƙuri.

Ba mu ga laifinsa ba, domin sana'ar ce ta juya. A farkon zamanin mota da hannu ake tayar da inji, da wani ƙarfe da ake zurawa ta gaba a juya, har sai da Cadillac ta fito da abin tayarwa na lantarki a 1912. Ko bayan nan, makulli wuta kawai yake kunnawa, direba ya danna maɓalli ko ya taka wani abu da ƙafa sannan inji ya tashi. Kamfanin Chrysler ne ya yaɗa tsarin murɗa makulli mota ta tashi a 1949. A 1965 Ford ya kawo makulli mai haƙora a gefe biyu, wanda ko ta ina aka zura shi zai shiga. Duk waɗannan aikin ƙarfe ne zalla, wanda mai ido da magagari zai iya yi.

Lantarki ya fara kutsawa cikin makulli ne a shekarun 1980. Renault Fuego ta Faransa ta zo da rimot na buɗe ƙofa a 1982. A 1986 General Motors ya dasa wani ɗan baƙin ƙwaya a jikin makullin Corvette, mai awon lantarki iri 15, idan awon bai dace ba mota ba za ta tashi ba ko da haƙora sun yi daidai. A tsakiyar shekarun 1990 aka fara ɓoye ƙwayar kwamfuta a cikin kan makulli, wadda ke gaisawa da injin kafin ya amsa, kuma a 1998 Jamus da Ingila suka wajabta wannan tsari a kan sababbin motoci domin maganin ɓarayi. Yau direbobi da yawa ba sa ma fito da makulli daga aljihu. Saboda haka yaron da ya koyi sana'ar a wannan zamani, shirya ƙwaya ya koya, ba karanta haƙori ba.

Daga nan wani makanike ya ba mu tasa shawarar, wadda muka san da yawa daga cikin masu karatu an taɓa ba su irinta: a kawo sukundireba da guduma a fasa gidan makullin, a haɗa waya, a ɗaura wani suwic a gefe, magana ta ƙare. Saura kaɗan mu yarda saboda wa'adin takardar na ƙaratowa. Abin da ya tsayar da mu shi ne wani tsohon direba, abokin marigayin, da ya ce garin neman gira kada mu rasa ido. Idan aka farfasa wuyan sitiyarin, nemo wani sai an sha yawon tashlih, ƙofofi kuma za su ci gaba da zama a kulle, sannan darajar motar ta faɗi a wurin masu saye, domin su kayan asali suke nema. Shi ne ya yi mana kwatancen wani dattijo.

Takarda kafin makulli

Samun dattijon ma sai da ya zama aiki. Shagonsa na da yana cikin gine-ginen da aka rushe lokacin fitar da hanyar Sarki Abdul'aziz, wadda ake kira Masar, da ta ratsa tsofaffin unguwannin yammacin Harami. Haka abin yake ga masu ƙananan sana'o'i da dama, tun daga rushe Shamiyya a 2008 domin faɗaɗa Masallaci, har zuwa rusau ɗin Jidda da aka fara a ƙarshen 2021, wanda ya shafi Gulail da Karantina da Sabil. Masu sana'ar sun watsu, wasu sun tsufa sun ajiye, sai mai dogon bincike ke gano inda suka koma. Mun same shi a wani ɗan lungu kusa da garejojin gyaran mota, bangon shagon cike da ɗanyun makullai, wato waɗanda ba a fitar wa haƙora ba, an rataye su layi-layi a kan ƙusoshi.

Bayan mun gaisa da Larabci sai muka koma Hausa, domin shi ma ɗan gida ne. Muka ce, “Baba, makullin Jims muke so a yanka mana.” Bai ko ɗaga kai daga abin da yake gogawa ba, ya ce, “Yarana, ina istimara?” Istimara ita ce takardar rajistar mota. Muka miƙa. Ya duba suna, ya dubi katin shaidarmu, ya ce sunan bai zo ɗaya ba. Muka yi masa bayanin rasuwa, ya yi mana ta'aziyya, ya yi wa mamacin addu'a, sannan ya ce duk da haka ba zai taɓa motar ba sai mun kawo takardar ƙididdigar magada da wakilcin sauran masu haƙƙi.

A lokacin ranmu ya sosu, amma da muka natsu sai muka ga gaskiyarsa. Mai yanka makulli ba tare da ganin na asali ba, daidai yake da mai buɗe ƙofar da ba tasa ba, idan motar ta sata ce ko kuma ana rigimar gado a kanta, shi za a fara kamawa. Mota na cikin dukiyar da mamaci ya bari, ba ta ɗa ɗaya ba ce don kawai shi ya iya tuƙi. Takardar da ake kira hasarul warasa a wurin Ma'aikatar Shari'a ake samunta, yanzu ta kafar Najiz ake nema, kuma ita ce dai hukumar murur, wato masu kula da zirga-zirgar motoci, za su buƙata ranar da za a sauya sunan mai mota.

A nan akwai abin da ya kamata jama'armu su yi hattara da shi. An daɗe ana sayen mota a rubuta ta da sunan maƙwabci ko aboki ko suruki, saboda matsalar takardun zama. Muddin kowa na raye lafiya lau ake zaune. Ranar da ɗaya ya faɗi, ko makulli ya ɓata, ranar ce ake gane cewa a idon doka mai mota shi ne wanda sunansa ke kan istimara, ba wanda ya biya kuɗi ba.

Hanyoyi huɗu

Da muka dawo da takardu, dattijon ya zaunar da mu ya yi mana bayanin aikin dalla-dalla. A cikin gidan makullin mota akwai wasu 'yan fallayen ƙarfe a jere, kowanne da sifirin ɗinsa da ke tura shi. Muddin babu makulli, fallayen na tokare da bango, ba abin da zai juya. Idan aka zura makullin da ya dace, kowane haƙori zai ɗaga fallensa zuwa daidai inda ake so, duk su daidaita, sai ciki ya juya. Haƙori ɗaya ya yi zurfi ko ya gaza, magana ta lalace.

Hanya ta farko, kuma mafi sauƙi, ita ce kwafi: a ɗaura tsohon makulli a gefe ɗaya na injin yanka, ɗanye a ɗaya gefen, injin ya bi sawu. Illarta ita ce, duk cinyewar da tsohon ya yi sai ta koma kan sabon. Makullin da ya shekara 30 ana murɗawa ya side, idan aka yi kwafinsa, aka sake yin kwafin kwafin, wata rana sai an yi ta jijjigawa kafin ya buɗe.

Ta biyu ita ce yanka da lamba. Kowane makulli ya fito daga kamfani da lambar sirrinsa, wadda ke nuna zurfin kowane haƙori. Akan ba mai mota ita a kan ɗan ƙarfe da ke rataye da makullan, ko a rubuta a takardun saye, wani lokaci kuma a buga ta a jikin gidan makullin. Mai sana'a zai duba littafin lambobi, ko kwamfuta a yanzu, ya yanka sabo fil kamar ranar da motar ta fito. Wannan ita ce hanyar da ta fi kowacce kyau.

Ta uku, idan babu lamba, sai a ciro gidan makullin ƙofa a warware shi, a karanta fallayen ɗaya bayan ɗaya, a fitar da awon haƙoran. Ta huɗu ita ce ta gwanaye: a zura ɗanyen makulli na tagulla, a murɗa a jijjiga, a zaro a duba a haske inda fallaye suka bar ɗan tabo, a goga wurin kaɗan da magagari, a sake zurawa, a haka a haka har ya buɗe. Sai dai ya ce wannan dabara ba ta cika cin motocin General Motors ba, domin tun 1935 suke amfani da wani tsari na kamfanin Briggs & Stratton mai ƙarin sanda a gefe, wadda ke hana fallayen barin tabo. Sauya gidan makullin ɗungurungum kuwa, sai idan duk waɗannan sun faskara.

Ranar aiki

Da sassafe ya zo, kafin rana ta buɗe, da 'yar jakarsa ta kayan aiki. Abu na farko da ya sanar da mu shi ne makulli biyu muka ɓatar, ba ɗaya ba. Motocin General Motors na wancan zamani makulli biyu gare su: mai kai murabba'i na tayar da inji, mai kai zagaye na ƙofofi. Kowanne haƙora shida gare shi. Kuma daga 1967 kamfanin ya riƙa sauya zubin kwarin da ke jikin makullin, yana buga harafi a kai, A da B, C da D, E da H, J da K, suna zagayowa. Na 1982 J da K ne. Idan aka ɗauko ɗanye mai wani harafin daban, ko ramin ba zai shiga ba. Irin waɗannan ɗanyun har gobe kamfanoni kamar Silca na Italiya da Ilco na Amurka da JMA na Sifen suna ƙera su, sai dai ba kowane shago ke ajiyewa ba.

Da wani siririn ƙarfe ya buɗe ƙofar direba ba tare da ya ƙwarzani fenti ba. Ya cire sitiyari, ya cire farantin da ke kulle shi, ya janye abin sigina gefe, sannan ya zaro gidan makullin. Ya goge shi da tsumma, ya miƙo mana ya ce mu duba. Ga lambar nan a buge a jiki, shaidar cewa tun fitowar motar daga kamfani ba a taɓa sauya shi ba. Na ƙofa bai samu lamba ba, sai da ya ɓalle marfin ciki na ƙofar, ya ciro shi, ya tafi da su biyun shago. Muna tsaye ya buɗe wani tsohon littafi da gefensa ya yi baƙi saboda yatsu, ya nemo lambar, ya yanka na inji. Na ƙofar kuma ya warware a kan farin ƙyalle, yana jera fallayen bi da bi don kada su cakuɗe, ya karanta su da gilashin ƙara girma.

Bayan La'asar aka mayar da komai. Da ya murɗa, sai muka ji ƙaras, sitiyari ya saki. Hajiya na tsaye a bakin ƙofa, ba ta ce komai ba, sai gefen mayafi da ta kai ido. Kada mai karatu ya ɗauka nan take motar ta tashi. Batir ya daɗe da mutuwa, fetur ɗin da ke tanki ya lalace, sai da aka zuƙe shi aka wanke kafireto, aka hura tayoyi, washegari sannan ta yi tari ta kama. Muka shigar da ita cikin hoshi saura kwana kaɗan wa'adi ya cika. Hawa titi kuwa sai ta ci jarrabawar fahas, wato binciken lafiyar mota, an yi inshora, an sabunta istimara da sunan wanda magada suka amince.

Idan taka ba Jims ba ce

Masu tsofaffin motocin Japan irin su Cressida, su fara duba gidan makullin ƙofar da ke gefen fasinja, domin a can aka saba buga lambar, kuma makulli ɗaya ne ke buɗe ƙofa ya tayar da inji. Masu Marsandi suna da gata: kamfanin na ajiye katin bayanan kowace mota da lambar makullinta, ana nema ta hannun wakili da lambar shasi da shaidar mallaka. Wakilinsa a nan shi ne gidan Juffali, tun 1959. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da aka sani yanzu daga 1981 aka daidaita ta, saboda haka wanda motarsa ta girmi haka kada ya yi mamaki idan tasa gajeriya ce.

'Yan'uwa da ke gida kuwa, masu riƙe da Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna daga 1975, dabarar duk ɗaya ce. A ƙasashen da ake Faransanci makanikai na kiran makullin sitiyari da sunan Neiman, kamfanin da ya shahara da ƙera shi. Kafin a sa guduma, a leƙa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a nemi tsofaffin hannu. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Garin da ya san darajar makulli

Idan akwai garin da bai kamata a koya wa mutanensa riƙon makulli ba, to Makka ce. Makullin Ɗakin Ka'aba yana hannun zuriyar Banu Shaiba tun kafin Musulunci, kuma ranar da aka buɗe Makka a shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya mayar da shi ga Usman ɗan Ɗalha. Ƙofa ta sauya, ta yanzu ta zinariya Sarki Khalid ne ya sa aka yi a 1979, amma riƙon bai bar gidan ba. Da Shaikh Salih al-Shaibi ya rasu a watan Yunin 2024, a cikin dangin aka miƙa wa Shaikh Abdulwahab al-Shaibi. Ba muna haɗa wancan da makullin mota ba ne, ko kusa. Abin lura kawai shi ne, riƙon ya ɗore fiye da shekara 1,400 saboda kullum an san wanda yake hannunsa, an kuma san wanda zai karɓa bayansa.

Abin da muka koya

Na farko, duk mai tsohuwar mota ya je a yanka masa safaya tun na hannunsa na aiki, kuma idan da hali a yanka da lamba. Na biyu, a rubuta lambar makullin a ajiye tare da takardun gida, ba a cikin motar ba. Na uku, a daina rataya tarin makullan gida da na shago a jikin na mota, nauyinsu na cinye gidan makullin. Na huɗu, idan ya fara tauri kada a ɗura masa man inji ko man girki, domin a gari mai ƙura irin namu mai da ƙura laka suke zama, garin baƙin fensir da ake sayarwa don wannan aiki ya fi. Na biyar, kada a ɗora hoton makulli a intanet wai ana cigiya ko ana tallar mota, gwani na iya karanta haƙoran daga hoto. Na shida, a gyara sunan da ke kan istimara tun ana da rai da lafiya.

Sai kuma kiranmu ga matasanmu masu neman abin yi. Dattijon da ya yi mana aiki ba shi da yaro ko ɗaya a shagon, littafinsa na lambobi kuma ba mu san hannun da zai faɗa ba. Tsofaffin motoci na ƙara daraja, masu iya buɗe su na ƙarewa. Wanda ya haɗa ilimin kwamfuta da na magagari, ba zai rasa abinci a garin nan ba.

Makullan Jims yanzu kashi uku ne: ɗaya a hannun babban ɗan marigayin, ɗaya a wurinmu, ɗaya kuma Hajiya ta ƙulle a cikin akwatin da take ajiye fasfo. Ta kuma kafa doka a gidan, cewa daga yau duk rigar da za a bayar sadaka, sai an juye aljihunta tukuna. Allah Ya jiƙan magabatanmu, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.